Kukan da Kawu Isiyaku Yake Ji Shi Kaɗai

Waya na fara gani. Baƙa ce siririya, ta fito daga zaure, ta haura katangar maƙwabtanmu a Kwarbai, ta sauko ta jikin rumfa, ta ratsa tsakanin takalman mata har tsakiyar tabarma, inda aka kwantar da makirfo a kan filo kamar jaririn da ake jiran sunansa. Walimar saukar Alƙur'ani ake yi wa 'yar gidan. Ni kuwa ina gefe da littafin soyayya na haya a ƙarƙashin mayafi, na gama sakandare ina zaman jiran abin da ni kaina ban san ko mene ne ba. Na bi wayar nan da ido, ina tunanin ita kaɗai ce a unguwar take shiga daga wajen maza zuwa wajen mata ba sallama.

Da Malama ta ɗauki makirfo sai ta matsa inuwa, daidai gaban lasifikar da aka rataye a bishiyar mangwaro. Wata ƙara ta tsage gidan. Jarirai suka ɗauka, tsofaffi suka toshe kunne suna salati. Daga bayan katanga wani yana ta kwaɗa kira a matsar da ita. Na gane muryar, ta Kawu Isiyaku ce, ƙanen mahaifiyata, mai ba da hayar lasifika. Ba mai jin abin da yake faɗi. Na ajiye littafi, na je na kama hannun Malama, na ba ta haƙuri, na kai ta bayan bishiyar inda lasifikar ta ba ta baya. Ƙarar ta ɗauke.

"Wa ya gyara?" in ji Kawu daga waje.

Wata ta ce, "Rakiya ce, 'yar Yayarka."

"Mai littafi? Ashe tana ɗaga kai."

Washegari ya zo gidanmu ya zauna a ƙofar ɗakin mahaifiyata. "Yaya, aron Rakiya na zo. Rabin aikina a cikin gida yake, ni kuwa iyakata zaure. Ina jin ɓarna ta katanga, ba ni da hannun gyarawa."

"Wannan?" in ji Inna. "Wadda ko tuwo ta ɗora sai ya kama, tana can tana zubar wa mutanen cikin takarda hawaye?"

"Kunne nake so, Yaya, ba tuwo ba."

Haka na shiga sana'ar lasifika, kuma ina cikinta har yau da furfura ta fara leƙo ni.

Na kawo wannan ne saboda ku 'yan yanzu da kuke zuwa shagona kuna cewa in koya muku aiki kafin Sallah. Kun ga lasifika mai taya da ake ja kamar akwatin lefe, a haɗa ta da wayar hannu a danna, kun ɗauka sana'ar ke nan. Dannawa kowa ya iya. Ni sai da na yi watanni a shagon Kawu da ke Ƙofar Galadima ban taɓa maɓalli ba, naɗin waya kawai nake yi. Ba a naɗe ta a gwiwar hannu kamar igiyar guga, domin daga ciki take karyewa, fatarta lafiya lau, sai ranar taro ta ci amanarka. In ta karye kuwa, Kawu zai kunna kaset, ni in bi ta da yatsu ina lanƙwasawa kaɗan-kaɗan har in zo inda muryar ta yanke. Nan za a datse, a liƙe da dalma, a naɗe da salatif. Har yau in na ji ƙaurin dalma sai in ga shagon nan: amfilifaya mai ƙara wa murya ƙarfi a kan benci, baturan mota a ƙasa, lasifikoki masu faɗin baki a rataye suna kallon ƙofa, da baron da muke tura kaya, tun da lungunan cikin birni ba su san mota ba.

Bayan waya sai karatun gida. Aikin farko da Kawu ya bar ni na tsara da kaina wani suna ne a Kwarbai, gidan ƙasa mai kaurin katanga. Na rataye lasifika ɗaya, murya ta fita sumul, na dawo ina jin ni ma na zama wani abu. Mako na gaba muka je wani sabon gida a Gyallesu, siminti ko'ina da rumfar kwano. Na yi yadda na yi a wancan, sai ga muryar mai wa'azi tana karo da kanta, kowace kalma da 'yar rakiyarta. Kawu ya kira ni zaure ya ce, "Ginin ƙasa shanye magana yake yi, siminti da kwano dawo da ita suke yi. Kafin ki kwance waya, ki tsaya tsakar gida ki tafa hannu, gidan zai gaya miki halinsa." Har yanzu ina tafawa. Matan da ba su san ni ba sukan ɗauka kaji nake kora.

Amma gundarin sana'ar shi ne abin da muke kira kuka, wato irin ƙarar nan da ta tashe ni daga littafi. Makirfo ne yake jin abin da lasifika ta faɗa, ya mayar mata, ta sake faɗa da ƙarfi, ya sake ji, har abin ya tsinke. Jama'a sai ya fashe suke jin sa. Mai sana'a tun bai fito ba yake jin sa. Akwai wani siririn zare na sauti da yake riga shi zuwa, kamar sauro a ɗaki na gaba, yana bin bayan kalmomin mai magana. In ka ji zaren nan ka ɗan rage maɓalli, taro zai tashi ba wanda ya san an tsallake komai. A nan Kawu ba shi da na biyu. Yana hira a zaure yana cin goro, sai ka ga hannunsa ya tafi maɓalli shi kaɗai ya dawo, bai ko yanke maganarsa ba.

Masu hayarmu kuma kowa da halinsa. Akwai malamar da take manna makirfo a leɓe kamar za ta sha, akwai mai riƙe shi can wajen cibiya tana tsoronsa. Tsofaffi ba sa yarda yana aiki sai sun hura masa iska sun ƙwanƙwasa masa kai. Mafi haɗari ita ce mai guɗa. A wani kamun amarya a Gyallesu, an lulluɓe amarya da shuɗin mayafi, hayaƙin turaren wuta yana tashi ta gefenta, ina ta ayyana yadda za a rubuta wannan a littafi, sai wata gwaggon ango ta fizgi makirfo ta rangaɗa guɗa a cikinsa. Lasifika ɗaya ta ƙone nan take. Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce, "Daga yau amarya ba taki ba ce. Hancin tsofaffi za ki riƙa kallo. Duk wadda kika ga ta kai hannu hanci, ki janye makirfo."

Wannan lasifikar ita ce ta farko da na ga an gyara. Kawu ya kwance bayanta, ya canza ɗan faifan da ke ciki, ya ɗaure, sannan ya yi abin da duk masu sana'ar suke yi a lokacin. Ya kunna kaset, ya cusa kansa cikin bakin lasifikar, ya manna kunnen hagu, ya ce in ƙara wuta. 'Yar karkarwar da ke nuna faifan bai zauna daidai ba yake nema, wadda ba a jin ta daga nesa. Kowane mai lasifika yana da kunnen da yake wannan aiki da shi, kunnen gwaji muke ce masa. Na Kawu na hagu ne. Da aka fara ba ni gyara na zaɓi na dama, ina alfahari.

Duk ranar da muka yi babban aiki nakan koma gida da wani siririn fito a kunne. Kawu ya ce guzurin aiki ne, kowa yana tafiya da shi, kafin gari ya waye ya ƙare. Kuma yakan ƙare. Wata tsohuwa a gidanmu ta ce in kunne ya yi haka wani ne yake ambaton mutum, a yi salati. Salatin na yi, sauran kuma na ƙarasa da kaina. Na ba mai ambaton nawa tsawo da farar shadda da murya mai sanyi, na ajiye shi a wani gari mai nisa yana fama da tunanina. Shekaru na yi ina jin daɗin wannan fito.

Shekarar da ta ba mu wuya ta fara ne a watan Mauludi, a wata Islamiyya ta matan aure. Ina ciki da makirfo, Kawu yana zaure da amfilifaya kamar kullum. Ɗalibai suka fara waƙen yabo, sai na ji murya tana janyewa, tana janyewa, har na layin baya suka fara miƙa wuya. Na fita da sauri.

"Kawu, an rage da yawa."

"Kuka ne yake tahowa."

"Ban ji shi ba."

"Ke da kike cikin hayaniya ina za ki ji? Koma."

Na koma. Ya ƙara kaɗan, ya sake ragewa. Aka tashi taro shugabar makarantar tana tambayata ko batirinmu ne ya mutu.

Daga nan abin ya zama kullum. Kawu ya ce amfilifaya ce. Ya kwance ta ya canza abin da zai canza, zaren yana nan. Ya ce wayoyi ne, muka bi su kaf, muka yar da marasa kyau har da masu kyau. Ya kai amfilifayar wajen wani mai gyara a Sabon Gari, mutumin ya riƙe ta kwanaki ya dawo da ita ya ce bai ga komai ba, Kawu ya ce ai dama yaran yanzu ba su da kunne. Ya sayar da babur ɗinsa ya sayo sabuwa a kwali. Ranar da ya kunna ta ya saurara sai ya ce, "Ita ma da shi aka ƙero ta." Ni kuwa ban kawo komai a raina ba, domin a wurina in Kawu ya ce akwai kuka to akwai shi, kunnena ne bai kai ba. A gari kuma magana ta fara yawo cewa kayan Isiyaku ba sa ɗaga murya. Masu biki suka koma kiran wasu samari daga Tudun Wada.

Abin da ya rage mana mai nauyi shi ne tafsirin mata na watan azumi, wanda ake yi da hantsi a wani babban gida a Ƙofar Galadima. Shekara da shekaru muke riƙe da shi. A nan matan unguwanni suke ganin aikin mutum, kuma wanda suka gani shi suke kira suna da biki har shekara ta zagayo. In ya kuɓuce mana, shagon ya rufe ke nan. Ana cikin Sha'aban Hajiya Uwani, uwar gidan kuma mai shirya tafsirin, ta aiko in zo.

Ta ce, "Rakiya, ni da kawunki ba yau muka fara ba, kunyarsa nake ji, shi ya sa na kira ki. Tsofaffi suna takowa daga nesa da azumi a bakinsu. Ba zan tara su su zauna kallon leɓen Malama ba. Ranar farko taku ce. In an ji, ku ci gaba. In ba a ji ba, kada ya ga laifina."

Na dawo shago bayan azahar in gaya masa. An ɗauke wuta tun safe, unguwa ta yi tsit saboda zafin rana. Na same shi ya buɗe sabuwar amfilifayar, ya sunkuya a kanta da sukundireba a hannu.

"Yauwa, zo ki ji. Yau kam ya fito fili. Ko kurma ya ji wannan."

Na matso na saurara. Na dubi bayan amfilifayar. Wayar wuta tana naɗe a kan ƙusa, batir yana can ƙarƙashin benci ba a haɗa shi da komai ba.

Na ce, "Kawu, ba a haɗa ta ba."

Ya dubi ƙusar, ya dubi batir. Ya ajiye sukundireba a hankali, ya fita ƙofar shago ya tsaya. Ya dawo ya shiga baya inda muke ajiye baro, nan ma ya tsaya. Sannan ya zo ya zauna.

"Ko'ina yana nan," in ji shi. "Mayar mata da murfi."

Da labari ya shiga dangi kowa ya kawo nasa. Aka ɗiga masa man zaitun, aka ɗiga ruwan albasa, wani ya ce iska ce ta shafe shi, aka yi tofi aka yi hayaƙi. Ya karɓa duka don kada a ce ya raina. Daga ƙarshe muka je asibiti, sashen kunne. Suka sa shi a wani ɗan ɗaki, suka rufa masa wani abu a kunnuwa, suka ba shi maɓalli suka ce duk lokacin da ya ji sauti ya danna. A sautuka masu kauri ya yi daidai. Da aka zo sirara sai ya riƙa dannawa ba a saki komai ba, in an saki kuma ba ya dannawa. Likitar, wata mace mai fara'a, ta tambaye shi sana'arsa. Da ya gaya mata har da kunnen gwaji, sai ta dafe kai.

"Baba, wannan tinaitus muke ce masa. A can cikin kunne akwai wasu 'yan gashi ƙanana, kowane rukuni da irin sautin da yake kamawa. In ƙara ta yi yawa, masu kama siririn sauti su ne suke fara mutuwa, kuma ba sa tsirowa. Naka na hagu sun tafi da yawa. To, kai in makirfo ɗaya ya yi shiru, me kake yi?"

"Wuta nake ƙara masa."

"In ka kai maɓalli ƙarshe, kuma ba mai magana?"

"Sai kayan su fara hucin kansu."

"Haka ƙwaƙwalwarka ta yi. Ta daina samun saƙo daga wannan layi, ta ƙara masa wuta, yanzu hucin kanta take ji."

Kawu ya ce to me ya sa ba ya tafiya kamar da. Ta ce da can suma gashin suke yi su farfaɗo, yanzu kuwa ba su tashi ba. Ta ce mutane da yawa suna da shi, amma ƙwaƙwalwarsu takan gaji ta ture shi gefe, kamar yadda mutum yake daina jin fankar ɗakinsa. "Kai kuwa Baba, rayuwarka duka koya wa kanka ka yi cewa wannan sautin haɗari ne, da ka ji shi ka zabura. Abin da aka ce wa ƙwaƙwalwa ta yi gadinsa, ba ta sakinsa da wuri." Ta ce babu ƙwaya ko ɗigo da za su yanke shi. A kare jin da ya rage, a guji ƙara mai ƙarfi, kada kuma a zauna cikin tsit, domin a shiru yake samun fili. Sannan ta ce ya daina farautarsa.

A bas ɗin dawowa ne na gaya masa saƙon Hajiya Uwani, na kuma ce ina ganin a shigar da amfilifaya ciki wurina. 

Ranar ɗaya ga azumi ya turo baro da kansa. Ya hau tsani ya rataye lasifikoki tun mata ba su taru ba, ya ja waya. Sannan ya rungumi amfilifayar ya kai ta har ƙofar ciki ya miƙa mini. "Ki sa ta a inuwa. Maɓalli na biyu yana da gardama, da lallashi ake juya shi."

Gida ya cika. Mai jan baƙi ta fara, Malama ta karɓa tana fassara, murya tana kaiwa har wajen tsofaffin da ke jingine da bangon madafi. An yi nisa sai ga muryar Kawu ta katanga: "Rakiya, rage!"

Hannuna ya tashi da kansa, don ya daɗe yana bin wannan murya. Na tsayar da shi. Na saurara iyakar iyawata. Bayan kalmomin Malama babu zare, babu komai.

"Rakiya! Na ce ki rage, zai fashe!"

Mata suka waiwayo. Malama ta ɗan dakata. Hajiya Uwani ta zuba mini ido daga kan kujerarta. A unguwar nan ba a saba ganin 'ya ta ji kiran kawunta ta yi kamar ba ta ji ba. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin hijabi, na yi wa Malama alama da kai ta ci gaba. Ta ci gaba. Ba a sake kira ba, kuma bai fashe ba.

Da aka shafa fatiha na fita zaure, ba kowa sai baro. Ina naɗe waya ya dawo, leɓensa ya bushe.

Ya ce, "Har bayan ganuwa na je, inda ko janareta ba a ji. Yana ta ce mini zai fashe. Kin yi daidai. Gobe ma in na kira, kada ki amsa."

Hajiya Uwani ta aiko a ce mu bar lasifikokin a rataye, ba sai mun sauke ba. Haka muka riƙe tafsirin, haka shagon ya rayu. Daga ranar Kawu bai sake zama kusa da maɓalli ba. Tsani da waya da dalma ya riƙe, in an fara taro ya yi gaba abinsa sai an tashi.

Nawa ya zo ne bayan shekaru, shagon ya riga ya dawo hannuna. Tun ranar asibiti na daina cusa kai a lasifika, amma ɓarnar da aka yi an riga an yi ta. Muka yi wani taron ƙungiyar mata, na koma gida da fito a kunnen dama, gari ya waye yana nan, aka kwana aka tashi yana nan. Mai farar shadda dai ya tare, ba shi da niyyar komawa garinsu. Ban kwance amfilifaya ko ɗaya ba, wannan karatun Kawu ya riga ya yi mana shi. Amma dole na nemi yadda zan raba nawa da na kaya, in ba haka ba ni ma zan riƙa kashe wa mutane murya. Dabarar da na samu ƙarama ce. In na ji zare sai in toshe kunnuwa da yatsu. In ya ragu, daga waje yake, sai in kai hannu maɓalli. In ya ƙara fitowa fili, nawa ne, sai in bar shi ya yi ta yi. Wata tsohuwa ta taɓa ganina a haka ta ce, "Rakiya, ladanci za ki koma?" Na ce mata sai ranar da aka buɗe na mata. Ɗaki mai shiru kuwa ba nawa ba ne yanzu, ko littafi zan karanta sai na kunna fanka ko rediyo ƙasa-ƙasa.

Shi ya sa duk wadda ta zo koyo wurina, kafin waya, kafin tafi, abin toshe kunne nake fara ba ta, irin na roba mai laushi. Ba a zama gaban lasifika, a bayanta ake zama. Ba a gwada ta da kai a cikin bakinta, nesa ake tsayawa. In kin koma gida da fito kada kowa ya ce miki guzuri ne, kunne ne yake gaya miki yau an wuce masa iyaka. Kukan yi dariya ku ce robar tana ɓata kwalliya. Ku sa dai.

Kawu Isiyaku ya bar shagon gaba ɗaya da gwiwoyinsa suka daina yarda da tsani. 'Ya'yansa suka ce hutu yake bukata, suka kai shi ƙauyen matarsa inda ba inji ba lasifika. Bai daɗe ba ya tattaro ya dawo, ya rame, ya ce shirun can ya kusa zautar da shi, kamar an kulle shi a ɗaki daga shi sai abin. Da ya dawo Kwarbai sai ya fara kiwon tattabaru. Ya jera musu tukwane a bayan ɗakinsa, ya kafa kujerarsa a tsakiya, ya wuni cikin surutunsu da kaɗin fukafukansu. Jinsa ya ragu sosai, sai ka tsaya gabansa yana kallon bakinka. Amma ya murmure, yana dariya, ya san kowace tattabara da mijinta, har da wadda ta yi yaji.

Bayan Sallar da ta wuce na kai masa gaisuwa. Na same shi yana watsa musu gero. Muka gaisa, ya tambayi shago, ya tambayi mutanen gida. Da na tashi tafiya sai na matsa kusa na ce, "Kawu, abin nan fa? Yana nan?"

Ya tsaya da gero a hannu. Idonsa ya tafi wani wuri, na ga fuskarsa ta canza.

"Haba Rakiya," ya ce. "Rabon da in ji shi har na manta. Ga shi kin taso shi."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Bar shi, zai gaji ya kwanta. Amma ki gaya wa dangi, mai zuwa gaishe ni ya tambayi gwiwa, ya tambayi tattabaru. Wannan kada a sake tambaya."

Ya juya ya watsa sauran geron da ƙarfi, suka taso gaba ɗaya suka rufe shi.